Ƙwayar da Ta Haɗa Ɗan Tseren Keke da Leburan Katsina

 

A watan Agustan 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta soke sakamakon wani gwarzo ɗan ƙasar Kolombiya mai suna Nairo Quintana. Bawan Allah nan ya yi mako uku yana taka keke a gasar Tour de France, ya ƙare a na shida, sai aka wayi gari an goge sunansa daga jerin. An ɗibi jininsa ranar 8 da ranar 13 ga Yuli, ana tsaka da gasar, aka ga alamar wani magani da hukumar ta hana. Ya musanta, ya kai ƙara kotun wasanni da ke Siwizalan, a watan Nuwamba kotu ta tabbatar da hukuncin. Maganin kuwa ba baƙo ba ne a kunnenku. Tiramadol ce, tiramol dai da kuka sani, wadda yaranmu ke jefawa a shayi da sassafe kafin su kama aiki.

Wannan ne ya sa na ɗauko muku zancen tseren keke yau, wasan da yawancinmu ba mu kallo. Abin da ya faru da waɗancan mutanen cikin shekara ɗari yana faruwa da namu a bakin kasuwa da wurin gini da gona, kuma tushen abin ɗaya ne.

Bari in fara gaya muku irin aikin da ake magana a kai. Tour de France zango 21 ce cikin mako uku, jimlar tafiyar kusan kilomita 3,500. In ka raba, kowace rana kamar mutum ya taka keke ne daga Katsina zuwa Kano, a guje, wani lokacin a kan duwatsun da mota ma sai ta yi nishi, gobe kuma ya tashi ya maimaita. Wata jarida mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro gasar a 1903 don ta samu masu saye. Ku riƙe wannan, domin tun ranar farko wahalar 'yan tseren ita ce hajar da ake sayarwa. In wahalar ta ƙaru, labari ya yi daɗi, jarida ta shiga. A 1924 akwai zangon da ya haura kilomita 400 a hawa ɗaya. A shekarar ne wasu 'yan uwa biyu, Henri da Francis Pélissier, suka fice daga gasar cikin fushi, suka zauna da wani ɗan jarida mai suna Albert Londres, suka zazzage masa abin da ke jakarsu: hodar iblis da ƙwayoyi da man shafawa masu kashe zafi. Suka nuna masa cewa da waɗannan suke kai ƙarshen zango.

Ranar 13 ga Yulin 1967, Tom Simpson ɗan Ingila, mai shekara 29, yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi. Kwanaki yana fama da ciwon ciki, amma yana buƙatar sakamako mai kyau don ya samu kwantiragin shekara mai zuwa. Ya fara tangaɗi, ya faɗi, aka ɗora shi a kan keken, ya ɗan taka, ya sake faɗuwa. Bai tashi ba. An samu ƙwayar amfetamin a aljihun rigarsa da cikin jininsa, ga kuma barasa. Jikinsa ya daɗe yana ce masa ya tsaya. Ƙwayar ta toshe masa kunne.

Daga baya abin ya bar hannun masu tausa ya koma hannun likitoci. Akwai wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, ana kiransa EPO, shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa tsoka. An haɗa irinsa a matsayin allura don masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. 'Yan tsere suka gano cewa lafiyayyen mutum in ya yi allurar, numfashinsa zai yi tsawo, ya hau dutse bai gaji ba. Illarsa, jini ya yi kauri, zuciya ta sha wuya wajen tura shi, musamman cikin barci. Tsofaffin 'yan tsere sun ba da labarin yadda wasu ke saita agogo su tashi tsakar dare su motsa jiki, don tsoron kada zuciya ta tsaya. A 1997 hukuma ta sa doka cewa duk wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka haura kashi 50 cikin ɗari a dakatar da shi, sai likitocin ƙungiyoyi suka mayar da aikinsu ajiye yaransu a 49. Ranar 8 ga Yulin 1998 jami'an kwastan suka tare motar ƙungiyar Festina a iyakar Faransa da Beljiyam, suka same ta maƙare da allurai. Bincike ya nuna ƙungiyar da kanta ke tsara sayen magungunan, har da asusun da ake cire kuɗinsu daga ladan 'yan wasa. Wannan abin kunya ne ya haifi hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999.

A shekarar da aka ce an tuba, a shekarar Lance Armstrong ya fara cin gasar. Ba'amurke ne da ya tashi daga jinyar ciwon daji, ya ci gasar sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Duniya ta so labarin, kamfanoni suka zuba kuɗi, duk wanda ya yi tambaya aka ce mahassadi ne. Tun a gasar 1999 gwaji ya nuna wani magani a fitsarinsa, aka rubuto takardar likita aka mayar da kwanan watanta baya, magana ta mutu. Sai a 2012 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta fitar da rahoto mai shafi sama da dubu, da shaidar tsofaffin abokan ƙungiyarsa goma sha ɗaya. Aka ƙwace nasarorin bakwai, kuma ba a ba kowa ba, domin cikin gurabe 21 na ɗaya da na biyu da na uku a waɗannan shekaru, 20 na mutanen da aka alaƙanta da ƙwaya ne. A Janairun 2013 ya amsa laifinsa a talabijin.

Amma ni mutumin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan tarihi ba Armstrong ba ne. Wani Bafaranshe ne, Christophe Bassons. Yana cikin ƙungiyar Festina, kuma abokansa da bakinsu suka shaida wa masu bincike cewa shi ba ya taɓa komai. A gasar 1999 ya riƙa rubutu a jarida yana cewa har yanzu ba a daina ba. Sai ayarin gaba ɗaya ya juya masa baya. Aka daina gaisawa da shi, Armstrong ya matso kusa da shi a kan hanya ya nuna masa gara ya tattara ya tafi. Ya bar gasar bai ƙarasa ba, bayan shekara biyu ya bar sana'ar ɗungurungum yana ɗan shekara 27. Mai gaskiyar ne aka kora, jama'a. Idan wuri ya lalace har ya zama wanda bai sha ba shi ne bare, to an wuce maganar halin mutum ɗaya.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Cikin kusan mutum 180 da ke tashi a wannan gasa, waɗanda ke sa ran cinye ta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Kowace ƙungiya mutum takwas ce, ɗaya ne jagora, sauran yaran gida ne: su tare masa iska, su koma baya su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe su ba shi tasu. Kwantiraginsu shekara ɗaya ko biyu. Irin wannan yaron ba kofi yake nema ba in ya miƙa hannu aka yi masa allura. Tsoro yake kada baɗi a ce ba a buƙatarsa, ga mata ga 'ya'ya, ga shi bai iya wata sana'a ba. Matsin da ake kira na neman nasara, ga mafi yawansu na neman tuwo ne.

To mu dawo gida. Ka fita da asuba ka bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga ko bakin babbar kasuwa, ka dubi masu jiran aiki. Mai buga bulo da yawan abin da ya buga ake biyansa. Ɗan dako da buhu ake lissafa masa. Mai tura kurar ruwa da jarka. Ɗan ƙwadago a gona jinga ake yi da shi, in ya gama yau ya karɓa yau, in ya kai gobe ya ci bashin cikinsa. Mai Keke Napep ko ɗan acaɓa da ba shi ne mai abin hawan ba, sai ya fara haɗa balas ɗin maigida, ya cire kuɗin mai, abin da ya saura shi ne na cefane. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta ninka ta sake ninkawa. Wa ya ji an rage wa yaro balas saboda haka? Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara awoyi. Jiki kuwa yana da iyaka. Ranar da ya kai iyakar, sai abokinsa ya miƙo masa rabin ƙwaya ya ce gwada wannan, ba za ka ji komai ba.

Kuma gaskiya ya faɗa masa, ba zai ji ba, nan ne ma masifar take. Tiramadol ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko na sisin kwabo. Maganin kashe zafi ne dangin ofiyom, wani kamfanin Jamus ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, don masu ciwo mai tsanani irin na bayan tiyata. Aikinta ta tare saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Hausawa sun ce jiki magayi, to ita bakin magayin take rufewa. Bayan yana lalacewa, gwiwar tana cinyewa, mai su bai sani ba. Hukumar NAFDAC ta amince da mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Wadda ake fasa-ƙwaurinta tana zuwa da 200, da 225, har da 250 a ƙwaya ɗaya. Yaro ya haɗiye biyu da safe ya riga ya kai iyakar ko ma ya tsallake ta, kuma wanda ya saba ba ya tsayawa a biyu. Daga nan sai jiri, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai numfashi ya yi ƙasa. Ranar da bai samu ba kuwa, ga ciwon gaɓoɓi, ga gumi, ga rashin barci, ga faɗa da kowa a gida. Ya fara sha don ya yi aiki, yanzu aiki yake don ya saya.

Ku lura da dalilin da UCI ta bayar da ta hana ƙwayar daga ranar 1 ga Maris 2019. Alƙaluman WADA na 2017 sun nuna cewa cikin samfuran fitsarin da aka ga tiramadol a wasanni 35, kashi 68 cikin ɗari na 'yan keke ne. Hukumar ta ce maganin na kawo jiri da gyangyaɗi da raguwar hankali, mutum ɗaya ya kauce a cikin ayari ya kwashe mutum ashirin. Daga Janairun 2024 WADA ta hana ta a lokacin gasa a dukkan wasanni. To in Turawa sun ji tsoron mai tiramol a kan keke, a hanyar da aka rufe wa motocin jama'a, mu me za mu ce da wanda ya ɗauko mace da goyo a bayan babur ya shigo shataletale da yamma?

Girman abin ya wuce yadda muke zato. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da wani nau'in ƙwaya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan asibiti dangin tiramadol suka sha ba da umarnin likita ba. Akwai wani labari daga maƙwabtanmu da ke nuna inda abin ya kai. A 2013 wasu masana suka sanar cewa sun gano tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai itacen da kansa ke haɗa maganin. Shekara ta zagayo, wasu masanan daga Jamus suka koma suka bincika, suka ce ba haka ba ne. Manoman yankin ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don su yini suna ja, fitsarin mutum da na dabba ya jiƙa ƙasa har saiwar itace ta tsotsa. Ƙasar noma kanta ta ɗauka.

Hukumomi suna kamawa, ba a hana su yabo ba. An hana maganin tari mai kodin a 2018, Indiya ta tsaurara fitar da tiramadol a shekarar, NDLEA na tare kwantena a tashoshin ruwan Legas. Amma da aka matsa wa tiramol, sai ga wasu ƙwayoyin sun shigo da sabbin sunaye, irin su Tafrodol da binciken BBC ya bankaɗo a 2025, haɗin da ya fi ta haɗari. Haka aka yi a tseren keke: an kama amfetamin aka koma EPO, aka samo gwajin EPO a 2000 aka koma ɗibar jinin mutum a ajiye a firji a mayar masa ana tsaka da gasa. Muddin kayan da aka ɗora wa mutum sun fi ƙarfin jikinsa, zai nemo abin da zai ɗauke su da shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Filin wasanninmu ma bai tsira ba. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an dakatar da Blessing Okagbare ana gab da zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100, daga baya aka yanke mata shekara goma, aka ƙara ɗaya. A wannan gasar 'yan Najeriya goma aka hana shiga fili, su ba a kama su da komai ba, gwajin da ya kamata a yi musu kafin tafiya ne ba a cika ba. A Birmingham a 2022 mun ci zinare a tseren mata na miƙa sanda, aka karɓe saboda gwajin mutum ɗaya. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Chika Amalaha, mai ɗaga nauyi, da aka ƙwace wa zinare a Glasgow a 2014. Shekararta 16. Yarinya 'yar sha shida ba ita ke sanin sunan maganin da ke rage nauyin jiki kafin a hau sikeli ba. Akwai manya a kewaye da ita, amma sunanta ne duniya ta riƙe.

Shi ya sa nake kallon gidajen dambenmu da fargaba. Ba na zargin kowa, kuma dambe abin alfaharinmu ne tun zamanin su Shago. Amma yau ana sa mota da babur a gasa, ana ɗauka a waya duniya na kallo, yaro na iya fita daga talauci da kisa ɗaya. Duk inda kuɗi ya kai haka, mai ƙwaya yana nan tafe. Ɗan damben da ya kashe zafin jikinsa kafin ya shiga fili ba zai san lokacin da ya kamata ya sauke hannu ba, dukan da ya shiga kai kuwa ba ya tambayar ko an ji zafi. Haka yaranmu 'yan ƙwallo da ke mafarkin Katsina United ko ƙetare, waɗanda ake yi wa allurar kashe zafi a gwiwa don kada su rasa ranar da mai zaɓe zai zo kallo. Tseren keken ma yana matsowa kusa da mu. Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango uku a Tour de France ta 2024, Kigali ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, karon farko a Afirka, kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a Paris a 2024, har sai da ta ari keke wurin Jamusawa. 'Ya'yanmu za su shiga wannan duniyar, kuma za su shige ta da yunwar da ta fi ta Bature.

Abin da ya ɗan gyara tseren keke, gwargwadon yadda ya gyaru, shi ne ranar da hukunci ya fara hawa sama. An haramta wa likitan Armstrong, Michele Ferrari, harkar wasanni har abada, manajan ƙungiyarsa Johan Bruyneel ma haka ya ƙare. Daga 2008 aka buɗe wa kowane ɗan tsere kundin jininsa, ana bibiyarsa shekara da shekaru, canjin da ba a gane dalilinsa ba ya isa a tuhume shi. Mu har yanzu yaron da aka samu da ƙwaya biyu a aljihu shi muke nunawa a talabijin.

Don haka maganata ga masu abin hannu ce. Alhaji mai Keke Napep goma a kan titi, ka zauna da alƙalami ka lissafa awa nawa yaronka zai yi kafin ya haɗa abin da ka yanka masa a farashin man yau. In lissafin ya kai awa goma sha biyar, ka san da me yake cika shi, ko ba ka tambaya ba. Shugabannin ƙungiyoyin masu Keke Napep da 'yan acaɓa suna da ikon zama da masu abin hawa a sake duba balas, kamar yadda suke zama a kan kuɗin tikiti. Ɗan kwangilar da ke son a zuba dakin a yini ɗaya ya ƙaro hannu, ya daina jinga da mutum goma a kan aikin mutum ashirin. Mai shirya dambe ko gasar ƙwallon unguwa da ya iya sayen babur na kyauta, ya iya biyan ma'aikacin lafiya ya zauna a bakin fili da ikon cewa wannan ba zai shiga ba yau. Malamanmu da ke wa'azi a kan shaye-shaye, Allah ya saka musu, su haɗa da babin haƙƙin ɗan ƙwadago, domin addini ya hana a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa.

Kai kuma ɗan'uwa da kake saurarena a kan babur ko a gindin injin bulo, wanda abin ya riga ya kama, kada ka yanke ta rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, jikin da ya saba yana iya birkicewa. Likita yana da hanyar rage ta sannu a hankali. Ka je asibiti, ko sashen ba da shawara na NDLEA, ka tafi da wani babba da ka yarda da shi. Iyaye kuma in yaro ya zo ya faɗa muku da bakinsa, ku raka shi, ranar ba ta duka da gori ba ce.